Wanda Ya Sa Hannu Bai Karanta Ba, Shaidar Zur Ya Yi

Wata ranar Litinin da safe ɗalibai suka cika ɗakin kwamfuta a wata cibiyar koyon sana'a da nake taimaka wa da kula da na'urori. Babu wuta, janareta na ta zuƙar dizal a bayan gini. Kowane ɗalibi ya biya kuɗinsa don ya koyi haɗa hanyoyin sadarwa a kan kwamfutocin kwaikwayo, irin waɗanda ake tayarwa a cikin wata kwamfutar. Malami ya ce kowa ya tayar da tasa. Ko ɗaya ba ta tashi ba. Aka kashe aka kunna, aka sake, shiru. Har aka kira azahar ba a yi darasi ba, yara suka watse suna guna-guni, wasunsu daga nesa suka yi kuɗin mota suka zo.

Da muka bi diddigi sai muka tarar da abin a cikin wata 'yar manhaja tamu ta cikin gida, wadda ke karɓar abin da malami ya rubuta ta haɗa wa makwaikwayin umarni. Ranar Juma'a wani yaro mai ƙwazo da bai daɗe da fara aiki ba ya yi mata faci. Da can lambar 2048 tana zuwa wurin da ake ƙirga ta da megabayit. Facinsa ya kai ta wurin da ake ƙirga ta da bayit. Ka ga kwamfutar da ake nufin a ba ta gigabayit biyu na RAM an miƙa mata abin da bai kai shafin wasiƙa ba. Makwaikwayin bai yi laifi ba, abin da takardunsa suka ce zai yi shi ya yi. Na buɗe tarihin facin na ga babban cikinmu ya amince da shi minti huɗu bayan an aiko. Abu ɗaya kawai ya rubuta: a gyara tazarar da ke layi na tara. Da maraice kuma shi ne ya tsare yaron yana masa faɗa a gaban mutane. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, ai ka duba." Ya ce masa, "Ƙaramin gyara ne, ban ɗauka sai na tsaya a kansa ba."

Wannan amsa ita ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. An bar jaki ana dukan taiki. Yaro ya yi kuskure, gaskiya ne, amma don a kama irin wannan kuskure aka ƙirƙiro bita tun farko. Wanda aka ɗora wa amanar dubawa ya sa sunansa a kan abin da bai karanta ba, sannan ya juyo yana neman wanda zai ɗora wa. Raina ya ɓaci da shi, ya kuma ɓaci da wata muguwar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wannan sana'a tamu, wato raina sashen manhaja da ke karanta umarnin mutum, da ɗaukar sa a matsayin aikin 'yan koyo wanda bai cancanci idon manya ba.

Bari in ɗauki QEMU, domin babu inda za a ga girman lamarin kamar can. Wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fito da ita a 2003. Aikinta shi ne ta kwaikwayi kwamfuta sukutum, da furosesa da faifai da katin sadarwa da allo, ta yadda za ka ɗora wata babbar manhaja a ciki ta zauna a matsayin baƙuwa, ita kuwa kwamfutarka ta zama mai masauki. Tun da aka shigar da KVM, sashen da ke ƙara mata sauri, cikin Linux a 2007, QEMU ta zama ginshiƙin ɗimbin cibiyoyin da ke ba da hayar kwamfuta ta intanet. OpenStack da Proxmox, manhajojin tafiyar da irin waɗannan cibiyoyi, a kanta suke dogara. Makwaikwayin Android da masu rubuta manhajar waya ke gwaji a kansa daga jikinta aka gina shi. Ɗalibinmu da ke haɗa na'urorin sadarwa a GNS3 yana shirin jarrabawa, sau da yawa ita ce ke aiki a ƙarƙashin abin da yake gani, ko bai taɓa jin sunanta ba.

Duk wannan gini ƙofa ɗaya ake bi a tayar da shi: layin umarni. Kana rubuta sunan manhajar, ka bi shi da zaɓuɓɓuka, kowanne da karan ɗori a gabansa, ka faɗi yawan RAM, yawan furosesa, wane faifai, wace hanyar sadarwa. A bakin ƙofar nan akwai wani sashe na kod da ke karɓar haruffan da ka rubuta ya mayar da su ma'ana. Tafinta ne. Kakanninmu sun san abin da tafinta yake iya yi, lokacin da shi kaɗai ke tsaye tsakanin Bature da Sarki. In ya juya kalma ɗaya, mai gaskiya ya kwana a gidan yari, kuma babu wanda zai gane inda aka yi ɓarnar domin kowa ya ji abin da aka faɗa masa ne kawai. Haka tafintan manhaja yake. Komai ƙwarewar sauran sassa, abin da ya faɗa musu shi za su aikata. To wane mai hankali ne zai ce zaɓen tafinta ƙaramin aiki ne?

Mu fara da waƙafi, ɗan ƙaramin ɗigon nan mai wutsiya. A QEMU waƙafi ne ke raba bayani da bayani a cikin zaɓi ɗaya: ga sunan fayil, waƙafi, ga nau'insa, waƙafi, ga ko an yarda a yi rubutu a kansa. To idan sunan fayil ɗin kansa yana ɗauke da waƙafi fa? Ƙa'idar ita ce a ninka shi, a rubuta biyu a jere. Duk manhajar da ke haɗa wa QEMU umarni dole ta san wannan. In ta manta, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne na'ura ta ƙi tashi. Mafi muni kuwa, idan wani daga waje ne ke zaɓar sunan, sai ya sa waƙafi ya liƙa nasa umarnin a bayansa, tafinta ya karɓa hannu biyu a matsayin maganar mai gida. Mai bitar da ya ga faci yana manna suna cikin layin umarni bai tambayi waƙafi ba, me ya duba ke nan? Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai lambobi, inda yaronmu ya faɗi. Ka rubuta -m 512, QEMU za ta ba baƙuwa megabayit 512. Ka rubuta size=512 a wurin da ake bayyana ma'ajiyar RAM a matsayin abu mai zaman kanta, bayit 512 ka ce. Lamba ɗaya, manhaja ɗaya, bambancin ya haura ninki miliyan. Yaren C da aka rubuta mafi yawan QEMU da shi yana da nasa ramukan. Tsohon aikin nan atoi in ka ba shi shirme ba ya ƙorafi, sifiri zai miƙo maka kamar shi ka rubuta. Ɗan'uwansa strtol, in aka bar shi ya zaɓi tushen lissafi da kansa, zai karanta 010 a matsayin takwas, domin sifirin farko alama ce ta lissafin tushe takwas. Shi kuwa strtoull, ka ba shi -1 ba zai ƙi ba, zai juya ta ta koma 18,446,744,073,709,551,615. Saboda irin wannan ne mutanen QEMU suka rubuta nasu ayyukan karanta lamba, har manhajarsu ta tace faci take gargaɗin duk wanda ya kira na asali kai tsaye. Sun sha wuya ne suka koya. Mai bitar da bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba laifi ba ne ya ce bai sani ba. Laifin shi ne ya sa hannu.

Ga wani kuma. A lissafin tushe goma sha shida, wanda masu manhaja ke fara rubuta shi da 0x, haruffan B da E lambobi ne. A wajen faɗin girma kuma B na nufin bayit, E na nufin eksabayit, wato sama da gigabayit biliyan ɗaya. To wanda ya rubuta 0x1E me ya ce, talatin ko eksabayit guda? Mai rubutu zai iya nufin wannan tafinta ya fahimci wancan. A fitowa ta 6.0, cikin 2021, QEMU ta sanar cewa za ta daina karɓar irin wannan lamba da harafin girma a bayanta. A wannan fitowar dai ta fara gargaɗi kan wata tsohuwar gajeriyar hanya, inda mutum zai rubuta kalma tsurarta a ɗauka ya ce a kunna, ko ya sa mata "no" a gaba a ɗauka ya ce a kashe, kamar nowait. Ranar da aka shigo da wannan hanya kowa ya ga sauƙi ne, an rage wa mutane buga haruffa huɗu. Sai ga shi duk kalmar da ta faɗo ba tare da alamar daidai ba tafinta na ƙoƙarin ba ta ma'ana maimakon ya ce bai gane ba. Aka shafe fiye da shekara goma ana ɗauke da kayan.

Abin da masu raina wannan aiki suka kasa fahimta shi ne, cikin manhaja kana iya rushewa ka sake gini gobe babu wanda zai ji, amma layin umarni alkawari ne da ka yi wa mutanen da ba ka sani ba. Magana zarar bunu ce. Daga ranar da ka saki zaɓi, wani a Indiya ya rubuta shi cikin takardun umarninsa, wani a Jamus ya gina kasuwancinsa a kai, wani malami a Zariya ya buga shi a takardar darasi. Har abin da ba ka yi niyya ya zama alkawari ba yakan zama. Akwai libvirt, manhajar da ke tsakanin QEMU da yawancin manyan masu amfani da ita. Shekaru da dama hanyar da take bi ta gane abin da wata sigar QEMU ke iyawa ita ce ta karanta rubutun taimako, wanda aka tsara don idon ɗan Adam, ta lalubi kalmomi a ciki. Ka ga har gyaran jimla a rubutun taimako yana iya karya na'urorin mutane. Sai a 2012, da fitowa ta 1.2, aka koma tambayar QEMU ta hanyar da aka gina musamman don manhaja ta yi magana da manhaja.

Dubi kuma yadda masu mutunta alkawari ke yi in canji ya zama dole. Ka rubuta -smp 8, ka ce a ba baƙuwa furosesa takwas. Amma ba ka faɗi tsarinsu ba: gurbi takwas ne kowanne da kai ɗaya, ko gurbi ɗaya mai kawuna takwas? Da can QEMU gurbi takwas take zaɓa. Windows ta gida kuwa gurbi ɗaya kawai take amfani da shi, ta ƙwararru biyu, don haka mutum zai ba da takwas ya tarar ɗaya ko biyu ke aiki. A fitowa ta 6.2, ƙarshen 2021, aka juya abin ya koma kawuna. Sai dai ba a juya wa kowa ba. Sababbin nau'o'in na'ura ne kaɗai suka ɗauki sabuwar fassarar, tsofaffin aka bar su da tasu, domin kada wanda ya kashe na'urarsa da dare ya tashi da safe ya tarar an sauya mata ƙirar ƙwaƙwalwa. Irin wannan hangen ba ya zuwa cikin minti huɗu. Sai an sami wanda ya zauna ya tambayi kansa: su waye suka riga suka dogara da tsohuwar ma'anar?

Shi ya sa ma QEMU ke da ƙa'idar cewa ba a cire zaɓi dare ɗaya. Sai an sanar, an bar shi yana aiki tsawon fitowa biyu, sannan a iya cire shi, ita kuwa sau uku take fitowa a shekara. Kuskuren da aka bari ya wuce ƙofa yau, watanni ko shekaru za a yi ana fama kafin a rabu da shi. Ga shaida a cikin gidan kanta. Akwai tsohon tafinta, QemuOpts, tun 2009. A 2017 Markus Armbruster ya kawo wani sabo mai tsauri, wanda zaɓin -blockdev ya fara aiki da shi, don a daidaita layin umarni da tsarin da manhajoji ke magana da QEMU. A 2021, da fitowa ta 6.2, aka ba zaɓin -device damar karɓar rubutu cikin tsarin JSON. Tafintoci daban-daban suna zaune a gida ɗaya, domin ba a isa a kori tsohon ba alhali duniya na magana da yarensa. Kuma duk da ƙwarewar mutanen da ke wannan aiki, sabuwar hanyar ta 6.2 ta fito da ɓaraka: na'urar da aka haɗa ta hanyar JSON, in aka zare ta baƙuwa na aiki, sanarwar cewa an gama cire ta ba ta fitowa, libvirt kuma wannan sanarwar take jira. Sai a 7.0, cikin 2022, gyaran ya fito, har da sabuwar alama da za ta nuna wa libvirt cewa yanzu hanyar ta gyaru. In gwanayen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a wannan fage abu ya iya wuce su suna kallo da idanu biyu, ina ga wanda ya leƙa da rabin ido yana amsa waya?

Kada wani ya ce mini abin iyakarsa ɓata lokaci. A 2008 an gano wata ɓaraka a QEMU da aka yi wa lamba CVE-2008-2004. In mai gida bai faɗi nau'in faifan da ya ba baƙuwa ba, QEMU takan leƙa farkon faifan ta yi hasashe. Baƙuwa kuwa tana da ikon rubutu a farkon faifanta. Sai mugu ya rubuta bayanin ƙarya a wurin, ya ce faifan wani nau'i ne mai jingina da wani fayil na mai masauki. Da an sake tayar da na'urar, sai ga shi yana karanta fayilolin da ba nasa ba. Tushen abin tambaya ɗaya ce: in mutum bai faɗi komai ba, me tafinta zai ɗauka ya ce? Amsar da aka zaɓa don sauƙaƙa wa mutane ita ta zama tsagar da ƙadangare ya bi. Har yau in ka manta faɗin nau'in ɗanyen faifai, QEMU za ta yi maka gargaɗi ta kuma hana rubutu a farkonsa. Wannan gargaɗin tabo ne na tsohon rauni.

Yanzu mu zo kan sa hannu. A QEMU, kamar a Linux inda al'adar ta samo asali, mai bita yakan liƙa wa faci layi mai farawa da Reviewed-by, sai sunansa. Takardun Linux sun fayyace abin da wannan layi ke nufi: na duba facin nan duba na ƙwararru, na faɗa wa mai shi duk abin da ya dame ni, na gamsu da amsarsa, kuma ban san wata matsala a cikinsa da za ta hana a karɓe shi ba. Wannan shaida ce. Mu da muka tashi a inda ake kiran mutum shaidar cinikin gona ko ɗaurin aure mun san nauyinta. Ba a ce lallai sai shaida ya san gaibu ba, an dai ce ya faɗi abin da idonsa ya gani. Wanda ya ce ya gani alhali bai duba ba, sunan abin da ya yi a kowace kotu da kowane zaure shaidar zur. Zamansa a gaban kwamfuta bai canza wa abin suna ba. Kuma ɓarnarsa ta fi ta wanda bai duba ba ya yi shiru, domin facin da babu hannu a kansa kowa na ɗar-ɗar da shi, wanda aka sa wa hannu kuwa kowa ya saki jiki.

Na san irinsu, na yi aiki da su. Akwai mai dangwala hannu don a ce yana da saurin aiki. Akwai mai duban sunan wanda ya aiko: in babba ne ya amince ba tambaya, in yaro ne ya yi ta jan rai kan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai wanda ya fi ba ni haushi, mai farautar tazara da tsawon layi, ya cika shafi da gyaran kwalliya don a ga ya yi aiki, bai taɓa tambayar me zai faru in aka ba zaɓin nan lamba mai ragi ba. QEMU na da checkpatch.pl, manhajar da ke kama irin waɗannan kurakuran ado cikin daƙiƙa. Mutumin da ya tsaya nan ya ƙwace aikin inji ya bar nasa. Duniya ta ga sakamakon bitar da ta wuce abu ɗaya a 2014, lokacin ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin saƙonni a intanet: saƙo daga waje ya faɗi tsawonsa, kod ya yarda bai auna ba, aka yi sama da shekara biyu sirrin mutane yana a buɗe. Can ma tambayar ita ce ta mai tsaron ƙofa: abin da baƙo ya faɗa, an tantance ko an gaskata kawai?

Za a ce mini tsananin bita na korar masu taimako, mutum ya aiko faci layi ashirin a mayar masa sau biyar har ya yi zuciya ya tafi. Akwai gaskiya a nan, ba na musu. Na ga masu bita da suka mayar da ilimi sandar dukan na ƙasa, kuma su ma ina jin haushinsu. Amma maganin wulaƙanci shi ne ladabi, ba sakaci ba. Ka gaya wa yaro, "Ƙanena, facinka ya yi, sai dai me zai faru in sunan yana da waƙafi? Gwada ka gani." Ka koya masa abin da zai riƙe har tsufansa, ba ka kuma ci masa fuska ba. Jinkirin mako biyu a kan zaɓin da za a rayu da shi shekara goma sha biyar ba asara ba ce. Tun ran gini ran zane.

Babban fushina kuma yana kan masu gidajen aiki. Mai bita nagari aikinsa ba ya ganuwa, domin ribarsa ita ce bala'in da bai faru ba. A ƙarshen shekara ana lissafa wa ma'aikaci sababbin abubuwan da ya ƙera, ba a lissafa masa ɓarakar da ya tare a ƙofa. Wanda ya kwana uku yana bin facin wani layi-layi sai a ce ba ya fitar da aiki, wanda ya dangwala hannu sau talatin a mako a ce shi ne gwarzo. Da wannan awo su da kansu suke kiwon masu shaidar zur. Haka abin yake a manyan manhajojin da kowa ke ɗauka kyauta: kamfanoni ba iyaka na cin abinci da su, amma masu zaman bitar sassa marasa farin jini irin wannan 'yan ƙalilan ne, faci na taruwa a gabansu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk kamfanin da ke sayar da hayar kwamfuta a kan QEMU bai ware ko mutum ɗaya ya taya duba facin wasu ba, yana cin gumin da bai biya ba.

Abin da nake nema ba gagara ba ne. In faci ya taɓa tafinta, mai bita ya sauke shi ya tayar da shi da hannunsa, kada ya tsaya karatu a allo. Ya ba shi abin banza ya ga ko zai ƙi: lamba mai ragi, sifiri, lamba mai sifiri a gaba, wadda ta fi ƙarfin ma'aji, suna mai waƙafi, zaɓi ɗaya sau biyu, zaɓin da aka bari fayau ba komai. Ya tambayi da me ake ƙirga lambar, ya tabbata an rubuta amsar inda mai amfani zai gani. Ya ɗauko tsohon umarnin da ke aiki jiya ya ga ko ma'anarsa na nan yau. Ya karanta saƙon kuskure ya ga ko mutumin da ke cikin tashin hankali ƙarfe biyun dare zai gane inda ya kauce. Ya ƙi karɓar facin da bai zo da gwajinsa ba. In kuma sabon zaɓi ake son ƙarawa, ya fara da tambayar ko ana bukatarsa ma, domin shigo da shi kwana ɗaya ne, fitar da shi shekaru.

Matasanmu na shiga wannan sana'a da yawa yanzu, a Kano da Kaduna da Yamai, wasu na yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu. Abin da suka ga manya na yi shi za su ɗauka. In suka ga oga na sa hannu yana tafiya, su ma haka za su yi ranar da kujerar ta zo hannunsu, a haifi wani zubin masu cewa ƙaramin gyara ne. Ina so su san cewa babu kunya a cewa "ban fahimci wannan sashe ba, a ba wani", babu kunya a cewa "sai jibi zan samu zama a kansa". Kunyar tana ga wanda ya ba da sunansa aro ga abin da bai sani ba.

Washegarin ranar da abin ya faru na sami ogan a ofishinsa. Na ce masa, "Yallaɓai, sunaye biyu ne a kan facin nan. Yaron ya rubuta abin da ya iya, kai kuma ka shaida cewa ka duba. In za a yi faɗa a gaban mutane, to a kira ku ku biyu." Bai ji daɗi ba, ni ma ban je don ya ji daɗi ba. Dizal ɗin da ya ƙone ya ƙone, kuɗin motar ɗalibai ba wanda ya mayar musu, yaron kuma ya yi makonni yana tsoron taɓa kod. Duk wannan a kan minti goman da mutum ɗaya ya ƙi bayarwa. In ba ka da lokacin dubawa, ka faɗa, za a jira ko a nemi wani. In ba ka iya ba, ka faɗa, za a koya maka. Amma in ka rubuta sunanka ka ce ka duba, to ka sani akwai mutanen da ba za ka taɓa gani ba da za su kwanta barci a kan maganarka, kuma hakkinsu na wuyanka.